Guga da Igiya: Dalilin Raunin Wutar Lantarki a Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya taɓa zama a Tambuwal ko Kebbe bayan sallar Magariba cikin bazara, sa'ad da kowane gida ya kunna fanka, mai niƙa kuma yana ƙoƙarin sallamar 'yan matan da ke jiran gari, ya san irin wutar nan da ake cewa ta zo amma ba ta da ƙarfi: fanka tana juyawa kamar mai gyangyaɗi, firji ba ya sanyi, injin rijiyar burtsatse kuwa ya yi ta ƙugi har ya ƙone. Jama'a sukan ɗora laifin bisa ƙarancin wuta, alhali sau da yawa illar tana cikin nisan tafiya.

Daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, wuta tana tasowa da tunkuɗar bolt 330,000, ta ci kimanin kilomita 300 zuwa Birnin Kebbi; daga nan a rage ta zuwa 132,000 ta nufi Sakkwato, layukan 33,000 su rarraba ta cikin garuruwa, har taransifomar unguwa ta sauko da ita kusan 230.

Ma'abota wannan fanni sun kasa ƙarfin lantarki kashi biyu. Na farko shi ne ƙarfin aiki, mai zama haske da zafi da motsi. Na biyu, wanda za mu kira ƙarfin kai-da-komo, misalinsa guga da igiya ne, waɗanda ba a shan su, amma in babu su ruwa ba ya barin rijiya. Domin shi ke raya maganaɗisun da ke cikin kowane inji da kowace taransifoma, yana zuwa yana dawowa ba fasawa. To, idan ya zama tilas a jawo shi tun daga nesa, sai ya cushe waya, tunkuɗa ta faɗi. Injin da ya ji raunin tunkuɗa kuma ya ƙara zuƙar wuta, raunin ya haifi wani raunin, har layi ya yanke.

Hikimar magani ita ce a samar da ƙarfin kai-da-komon kusa da mabuƙata, ta hanyar girka na'urorin da ake kira kafasita a tashoshi da wuraren manyan injuna. Da tsakar dare kuwa, sa'ad da buƙata ta ragu, dogon layi yakan tumbatsa da tunkuɗa, sai wata na'ura da ake kira riyakta ta shanye rarar, mizani ya daidaita.

Saboda haka, ranar da dattawan garuruwan yankin, kamar Dogon Daji ko Kuchi, za su kai kukansu ga kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Sakkwato ke ƙarƙashinsa, maslaha ce su haɗa roƙon sabuwar taransifoma da neman a auna tunkuɗa a ƙarshen layinsu da Magariba, a kuma girka kafasita inda awo ya nuna. Gama a wannan sa'a ce mai niƙa ke asarar injin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru.