Ina Ruwan Manomin Bodinga da Teku?

Kwanan baya ina koya wa yara labarin ƙasa, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu da ba mu taɓa ganin teku ba, me ya sa za mu koyi labarinsa?" Watakila kai ma mai karatu haka za ka ce, gama daga Bodinga zuwa bakin teku a Legas ya fi kilomita 700. To, bari mu duba.

Ruwan da ke jiƙa geronmu daga Tekun Atlantika yake tasowa. Rana tana bugun teku, tururi ya tashi, iskar damina ta koro shi arewa har gonakin Shagari. Masana sun gano cewa farin 1973 da na 1984, da suka cinye dabbobi suka bar rumbuna wayam, suna da nasaba da sauyin ɗumin ruwan teku.

Saboda haka ake tsaron teku dare da rana. Akwai na'urori wajen 4,000 da ake kira Argo. Kowace tana nutsewa mita 2,000, ta auna ɗumi da gishiri, ta taso bayan kwana goma ta aika da labari ta tauraron ɗan'adam. A Legas kuma akwai cibiyar binciken teku ta Nijeriya tun 1975. Irin wannan awo yana taimakon masu hasashen damina, don kada manomi ya ruɗu da yayyafin farko ya yi asarar iri.

Wani abin mamaki, ƙasar Sakkwato kanta ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina a gindin teku ta taru, a Dange kuma an tono haƙoran kifayen teku.

Mu ma muna aika wa teku saƙo. Ledar da aka jefa a kwata, ruwa yakan ja ta zuwa Gulbin Rima, daga nan Kwara, daga nan teku, inda kifi da kunkuru ke haɗiye ta su mutu.

'Yan'uwa, Ubangiji ya ba mu duniya amana ce. Mu koya wa 'ya'yanmu tara shara wuri ɗaya. In hadari ya haɗo daga yanzu, mu gode wa Allah da ya ɗauko mana ruwa daga nesa haka.