Baƙin Allo Bayan Ɗora Linux: Ina Fuskar Kwamfuta Ta Shiga?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10. Windows 11 da ya gaje shi kuwa ba ya yarda ya hau tsofaffin na'urori da yawa, domin yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ga ɗalibin da ya fito daga Gidan Goga ko Bakura, yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, kuma da kyar ya tara kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, mafita mafi sauƙi ita ce Linux, wanda kyauta ne. To, amma sau da yawa idan aka gama ɗora shi aka sake kunna na'ura, sai a tarar da allo baƙi ƙirin, ba hoto, ba kibiyar linzami, sai 'yan haruffa farare da kalmar login. Nan take mai ita zai ɗauka ya kashe abarsa.

Bai kashe ta ba. Tsarin Linux kamar ginin soro yake: akwai tubali da azara, akwai yaɓe, sa'an nan akwai zanen da magina ke yi wa fuskar zaure. Tubalin shi ne ƙwayar tsarin, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a Helsinki a 1991. Yaɓen shi ne manhajar da ke zana hoto a allo, wato X, da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, ko magajiyarta Wayland. Zanen kuwa shi ne fuskar da ido ke gani, irin su GNOME da Xfce. Soro yana tsayuwa ko da babu zane. Saboda haka ganin login shaida ce cewa ginin lafiya lau yake.

Sai mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirri. Kada ya damu idan bai ga komai ba sa'ad da yake buga kalmar. Da gangan ake ɓoye ta.

Dalilin da ya fi dacewa da yankunan da intanet ke wahala shi ne ba a ɗora fuskar ba tun farko. Ƙaramin faifan Debian da ake kira netinst bai kai gigabayit 1 ba, shi ya sa mai tattalin data yake zaɓensa. Amma arha ba ta ado: faifan tubali kawai yake ɗauke da shi, sauran kayan daga intanet yake jawo su ana cikin aiki. Idan babu layi a lokacin, sai ya kammala ba tare da fuska ba. Haka kuma wanda ya sauko da Ubuntu Server bisa kuskure, domin shi ba a yi shi da fuska ba sam. Maganin a Debian shi ne a haɗa wayar hannu da kwamfutar ta igiyar USB, a buɗe raba intanet a wayar, a zama shugaban na'ura da umarnin su -, a tabbatar layi ya kama kuma an saka adireshin rumbun Debian a fayil ɗin sources.list, sa'an nan a rubuta apt update, a bi shi da apt install task-xfce-desktop. Xfce ta fi dacewa da tsohuwar na'ura, don ba ta da nauyi kamar GNOME.

Wani lokaci fuskar tana nan, ba a dai umarce ta da tashi ba. Umarnin systemctl get-default zai nuna haka: idan amsar multi-user.target ce, sai a rubuta systemctl set-default graphical.target, a sake kunnawa.

Akwai kuma baƙin da ko login babu a cikinsa. Wannan yawanci rashin jituwa ne tsakanin tsarin da katin hoto, musamman na Nvidia. A danna Ctrl da Alt da F3 tare. Sau da yawa allon rubutu zai bayyana. In ya ƙi, a sake kunnawa, a danna e a jerin zaɓin GRUB, a ƙara kalmar nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna F10. Hoton zai iya fitowa da kaushi, kuma dabarar ta wannan kunnawar ce kaɗai, amma ta isa a gano sunan katin da umarnin lspci, a nemo masa manhajar da ta dace.

Wanda bai riga ya fara ba, gara ya kwafi cikakken faifan Debian, mai kusan gigabayit 4, a inda layi ke da ƙarfi, ya adana shi a filashi. Mutanen Zamfara sun san muhimmancin haka tun Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya. Filashi guda irin wannan ya wadaci aji sukutum, kuma yana ɗora fuskar ba tare da an kashe ko megabayit ɗaya ba.