Amanar Mai Aron Littafi

Littafin da mutum ya ara daga laburare yakan bayyana abin da ke cikin zuciyarsa. Wanda ya nemi littafi a kan tarin fuka watakila shi ne ke tari, wadda ta nemi na shari'ar aure watakila gidanta ne ba lafiya. Saboda haka masana aikin laburare suka ɗauki wannan sani a kan amana, kamar yadda likita ke riƙe asirin majiyyaci. Ƙungiyar Laburarorin Amurka, wadda aka kafa cikin 1876, ta sa wannan magana cikin ƙa'idodin aikinta tun 1939.

A dā hanyoyin ba da aro iri biyu ne suka fi yawa. A ta farko, kowane littafi yana da kati a cikin aljihun bangonsa, mai aro ya rubuta sunansa a kai. To, duk wanda ya ɗauki littafin daga baya sai ya ga sunayen waɗanda suka riga shi. Ta biyu kuwa wata ma'aikaciya Ba'amurkiya mai suna Nina Browne ta ƙago ta cikin 1895, aka yi ta aiki da ita a Ingila. Mai karatu ke da ɗan tikiti mai kamar aljihu, a sa katin littafin ciki a ajiye. Ran da ya komo da littafin, sai kati ya koma littafi, tikiti ya koma hannun mai shi, ba sauran alama. Watau asiri ya rufu domin ba a bar abin da za a tona ba.

An gwada wannan amana sau da dama a Amurka. Cikin 1970 ma'aikatan ofishin haraji na gwamnati suka shiga laburarori a Milwaukee da Atlanta, suna neman sunayen masu aron littattafan da suka shafi nakiya. Cikin 1971 ƙungiyar nan ta yanke shawara kada a ba da irin wannan bayani sai da umarnin kotu. Cikin 1987 kuma aka gano jami'an FBI suna bin laburarorin kimiyya, har da na Jami'ar Columbia a New York, suna tambayar abin da baƙi daga ƙasashen kwaminis ke karantawa. Sa'an nan cikin 2005 ma'aikata huɗu a jihar Connecticut suka sami takarda daga FBI ana neman bayanin wanda ya yi aiki da wata kwamfuta, aka kuma hana su faɗa wa kowa. Suka kai ƙara, cikin 2006 gwamnati ta janye. Jihohi 48 daga cikin 50 sun kafa doka ta tsare wannan sirri.

Amma doka ba ta zama a teburin ba da aro, ma'aikaci ne ke zaune a wurin, sau da yawa kuwa sabon ɗauka ne ko ɗalibi mai aikin wucin gadi. Yawancin asirin da ke tonuwa ba 'yan sanda ke tona shi ba. Miji ne zai zo da fara'a ya ce a duba masa abin da matarsa ta ara, ma'aikaci ya duba don kirki. Ko kuwa a buga waya gida a bar saƙo, a ambaci sunan littafin, wani dabam ya ji.

Don haka ake koya wa ma'aikata abubuwa kaɗan, a maimaita su kowace shekara. Na ɗaya, ba a faɗa wa kowa abin da wani ya ara, ko da ɗan'uwansa ne. Game da yara ƙanana dai dokokin jihohi sun bambanta, sai a bi ta wurin. Na biyu, in jami'in gwamnati ya zo, a karɓe shi da ladabi, a kai shi wurin shugaba, shi kuwa ya nemi takardar kotu ya nuna wa lauya. Na uku, littafin da aka keɓe wa mutum a naɗe shi da takarda, kada suna da littafi su bayyana tare. Akan yi gwaji kuma, wani ya fito a matsayin mai tambaya, sabon ma'aikaci ya koyi ƙi ba tare da ɓata wa mutum rai ba.

Zuwan kwamfuta ya ƙara nauyin, gama ita ba ta mantuwa sai an umarce ta. Saboda haka laburarori da yawa sukan shirya na'urarsu ta raba sunan mai aro da littafi da zarar ya komo da shi, ta kuma goge sawun mai shiga intanet in ya tashi daga kujera. Dabarar Nina Browne ke nan ta komo cikin sabuwar riga. Wahalar da ta rage ita ce ta littattafan da ake karantawa a waya, domin bayaninsu yakan bi ta hannun kamfanoni. Cikin 2014 aka gano wata manhaja ta kamfanin Adobe tana aika labarin shafukan da mutum ya karanta ba tare da an kulle saƙon ba, sai da aka gyara ta. Shi ya sa shugabannin laburare suke duba yarjejeniya da kyau kafin su sa hannu, su tambayi abin da kamfani zai tara, da tsawon lokacin da zai riƙe shi.