Idan mai ciwon hanta ya fara ruɗewa, a duba hanjinsa

Idan kana jinyar mai ciwon hanta a gida, wataƙila ka taɓa ganin ya koma barci da rana da farkawa da dare, yana maimaita magana, hannuwansa na karkarwa, har ya kasa gane 'ya'yansa. Wasu iyalai sukan ce aljanu ne ko taɓin hankali. Sau da yawa kuwa tushen matsalar yana cikin hanjinsa.

A hanjin kowannenmu akwai tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya. Yawancinsu masu amfani ne wajen narkar da abinci, amma suna kuma samar da guba, musamman amoniya. Jinin da ya taso daga hanji yakan bi wata babbar jijiya ya zarce hanta, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shiga hanta ta nan yake bi. Lafiyayyiyar hanta takan sarrafa amoniyar ta fita a fitsari.

Amma idan hanta ta yi tabo ta taurare, sakamakon ciwon hanta nau'in B ko C, shan giya ko taruwar kitse, sai tacewar ta gaza, gubar ta kai ƙwaƙwalwa. Bangon hanji ma yakan yi rauni, ƙwayoyin su tsallaka cikin ruwan da ya taru a cikin majinyaci, su haddasa cutar da kan iya kisa.

Shi ya sa taurin bayan gida ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa: muddin bahaya ta daɗe a hanji, gubar ƙaruwa take yi. Likitoci kan ba da maganin laktulos don ya riƙa yin bahaya mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, wani lokaci su haɗa da rifaksimin mai rage ƙwayoyin.

Naka aikin shi ne lura. Kada ka dakatar da maganin don ka ga ya samu sauƙi. Kada ka ba shi maganin barci ko jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba. Kada ka hana shi wake, ƙwai ko kindirmo, jikinsa na buƙatarsu. Da ka ga ruɗewa, zazzaɓi, ciwon ciki, aman jini ko baƙar bahaya, ka garzaya da shi asibiti a ranar.