Zafin Bazara da Makomar Wasanni a Karaye da Rogo

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san lokacin wasa. Dambe da kokawa sai da kaka, bayan amfanin gona ya shiga rumbu, iska ta yi sanyi. Langa kuwa akasari sai da dare, a farin wata. Wannan tsari ya dace da yadda jikin ɗan'adam yake aiki. To, ga shi sauyin yanayi yana rage sa'o'in da za a iya wasa lafiya, kuma ɗaliban Karaye da Rogo suna cikin waɗanda abin ya shafa.

Bari mu fara da jiki. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Idan ɗan ƙwallo yana gudu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin da tsokarsa ta ƙona yake zama motsi. Sauran duk zafi ne, wanda dole jiki ya fitar. Dubi randa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikinta, bushewarsa ce take sanyaya na ciki. Haka fata take yi da gumi. Saboda haka ranakun da suka fi haɗari su ne na dab da faɗuwar damina, sa'ad da zafi ya gamu da laima, gumi yana zuba amma ba ya bushewa.

A irin wannan rana ɗan wasa yakan zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu cikin awa guda. Ruwan jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugawa, ƙafafu su yi nauyi. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, sai jiri, da sambatu, da suma. Wannan shi ne bugun zafi, kuma yana kisa.

A ƙasar Kano zafin watan Afrilu da ma yakan kai digiri 40. Abin da ɗumamar duniya take yi shi ne ƙara yawan irin waɗannan ranaku da tsananinsu. A Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Manyan hukumomin wasanni ma sun saduda. Saboda zafi aka mai da gasar cin kofin duniya ta Katar zuwa Nuwamba da Disamba a 2022, aka kuma ɗauke tseren dogon zango na Olamfik daga Tokiyo zuwa Sapporo a 2021.

Filin wasa shi ma bai tsira ba. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska ikon ɗaukar ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin 100, kuma tun shekarun 1980 ruwan sama mai ƙarfi ya yawaita a yankin Sahel. Yawancin filayen makarantunmu fako ne, babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa. Ruwa kamar da bakin ƙwarya yakan yanka kwazazzabo a tsakiyar fili, ya kwashi ƙasa zuwa rafuka, wata har madatsar ruwan Challawa da ke Karaye. Idan kuwa damina ta yi gardama, rumbu bai cika ba, wasan kaka ba ya armashi, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Mene ne abin yi? Malaman wasanni su tsara gasar gidaje tsakanin Nuwamba da farkon Fabrairu, su kauce wa ranakun da hazo ya yi kauri saboda masu asma. Da bazara a yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A ajiye ruwan sha a bakin fili, a riƙa tsayawa ana sha. Wanda ya fara jiri a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Ƙungiyoyin ɗalibai kuma su kewaye fili da darbejiya, su dasa ciyawar kiri-kiri da farkon damina. Shugaban makarantar da ya ɗage gasa saboda zafi bai hana yara kofi ba. Mai rai shi ke ɗaga kofi.