Intanet Mai Sauri a Karkarar Nijar: Daga Babban Layi zuwa Sarkin Yamma

Intanet mai sauri shi ne haɗin da ke ɗaukar murya da hoto da bidiyo ba tare da tsinkewa ba, wanda mutum zai iya kiran ɗan'uwansa yana ganin fuskarsa, ko ya aika takarda mai nauyi cikin ƙiftawar ido. Kusan kowace gwamnati a yau tana da manufar kai irin wannan haɗi ga dukan jama'arta, kamar yadda a da aka ɗauki hanyar mota da asibiti da makaranta. A Nijar aikin yana da wuya ta fuska biyu. Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, sannan fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta a karkara suke zaune. Ƙididdigar 'yan shekarun nan ta nuna cewa kimanin mutum 1 ne cikin 5 ke amfani da intanet a ƙasar, kuma akasarinsu mazauna birane ne.

Sarkin Yamma wuri ne da ya dace a auna wannan manufa da shi. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, ɗaya daga cikin shida tare da Madarunfa da Safo da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa. Ba ta da nisa da birnin Maraɗi, ba ta kuma da nisa da iyakar Najeriya. Mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, matasanta da yawa suna tafiya ci-rani. Ba lungun hamada ba ce: in aka cire Yamai, babu jihar da jama'a suka yi cunkoso kamar Maraɗi. Idan intanet mai sauri bai zauna da gindinsa a irin wannan wuri ba, to ba nisa ne kaɗai ya hana shi ba.

Kafin saƙo ya iso salular manomi, zango uku yake bi. Na farko a ƙarƙashin teku yake, inda aka shimfiɗa manyan wayoyi masu haɗa Afirka ta Yamma da Turai. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka dole ta sayi hanya daga maƙwabta, ta Benin ko Burkina Faso ko Najeriya, kuma kuɗin wannan ratse yana shiga cikin farashin da mai saye ke biya. An ga raunin wannan tsari ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa. Ƙasashe da dama na yankin sun shiga matsala, har da Nijar, duk da cewa ɓarnar ta auku ne a wurin da ke da nisan gaske da ita.

Zango na biyu shi ne babban layin cikin ƙasa, wanda ake yi da fiba, wato siririn zaren gilashi da ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske. Layin Nijar ya bi babbar hanyar mota daga Yamai ta Dosso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram. A ƙarshen 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafa wa wani aiki na ƙetare Sahara, wanda rabon Nijar a cikinsa ya ɗan haura kilomita 1,000: daga Arlit zuwa Assamaka a iyakar Aljeriya, daga Diffa ta N'Guigmi zuwa iyakar Chadi, daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, sai kuma layukan da suka nufi Benin da Burkina Faso, tare da cibiyar adana bayanai a Yamai. Hikimar aikin ita ce ƙasar ta samu ƙofofi da yawa, in ɗaya ta toshe a bi wata.

A zango na uku, wato daga babban layi zuwa salular mutum, nan ne gizo ke saƙa. Babban layi kamar Gulbin Maraɗi yake: ruwa na wucewa, amma garkar da ba a ja wa hanyar ruwa ba sai dai ta ji labari. A karkara ba a jan fiba gida-gida. Ana kafa doguwar eriya ce, a haɗa ta da babban layi ta fiba ko ta iska daga wata eriyar, ita kuma ta watsa wa salulolin da ke kewaye. Irin na'urar da aka ɗora mata ita ke yanke abin da za a samu. 2G na ɗaukar kira da gajeren saƙo, 3G na buɗe WhatsApp da ɗan jinkiri, 4G kuma shi ne farkon abin da za a kira sauri na gaskiya. Wannan ne ya sa mutum zai ga rezo ya cika a salularsa, ya yi kira lafiya lau, amma hoto ɗaya ya ƙi sauka.

Kamfanoni huɗu ne ke riƙe da wannan zango: Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange a 2019, da Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Lissafin kamfani a fili yake. Kafa eriya da ba ta wuta da gadinta kusan kuɗi ɗaya ne a birni da ƙauye, wani lokaci ma na ƙauyen ya fi tsada saboda jigilar gazuwal da kayan gyara. Amma eriyar da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi tana hidima ga dubban masu sayen forfe kullum, ta ƙauye kuwa mutanenta kiredi na ɗari ko ɗari biyu suke sa wa, shi ma sai ranar kasuwa ko bayan kaka. Ba mugunta ce ke sa kamfani ya fara da birni ba, ciniki ne. Saboda haka ne duk wata manufar kai intanet ga kowa take komawa ga tambaya ɗaya: wa zai biya giɓin da ke tsakanin abin da eriyar ƙauye ke ci da abin da take samarwa?

Gwamnatoci na da hanyoyi da suka saba bi. Akan rubuta wa kamfani sharaɗi a cikin lasisinsa cewa sai ya kai hidima wurare kaza cikin shekaru kaza. Akan kuma tilasta wa kamfanoni su yi tarayya a eriya ɗaya maimakon kowa ya gina tasa. Hanya mafi muhimmanci ita ce asusun kai sadarwa ga kowa, inda ake cire wani kaso daga cinikin kamfanonin a tara, a biya kuɗin aiki a wuraren da babu riba. Nijar ta sabunta dokokinta na sadarwa a 2018, ta kafa hukumar ARCEP a madadin ARTP don sa ido kan lasisi da farashi da ingancin hidima. Shekara ɗaya kafin nan an kafa hukumar ANSI, wadda Ibrahima Guimba Saïdou ya fara jagoranta, aka ɗora mata shirin Niger 2.0. Ƙashin bayan shirin shi ne haɗa ƙauyuka kimanin 15,000 da hukuma ta san da su, ta yadda makaranta da ɗakin shan magani da ofishin magajin gari za su samu haɗi. A watan Yuli 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don wani ɓangare na wannan buri, wanda ya shafi ƙauyuka sama da 2,000 da kuma yaɗa hada-hadar kuɗi ta salula. Tsarinsa shi ne a fitar da rukunin ƙauyuka, kamfanoni su yi takara, a ba wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta.

Tsari ne mai ma'ana, sai dai ya dogara da kuɗin waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da rance sun dakatar da fitar da kuɗi na wani lokaci, ayyuka da yawa suka yi tafiyar hawainiya. Asusun cikin gida ma yana da nasa ciwon, wanda ba Nijar kaɗai ke fama da shi ba: a ƙasashen Afirka da dama an sha tara kuɗin a bar su kwance, ko a karkatar da su wata buƙata.

Sai maganar wuta, wadda ma'aikatar sadarwa ba ta da iko a kanta amma ita ke riƙe da wuyan aikin. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, kuma yankin Maraɗi da Damagaram na samun nasa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta 2023 a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, sai eriyoyi suka koma kan inji da batir, har zuwa farkon 2024 da aka ɗage takunkumin. A karkara kuwa gidajen da ke da lantarki ba su kai 1 cikin 10 ba. Mai salula a ƙauye yana biyan kuɗin caji a rumfar mai faifan sola, kuma babbar salula mai buɗe intanet ta fi ƙarama shan wuta nesa ba kusa ba. Sababbin eriyoyin karkara da yawa da hasken rana suke aiki, wanda ya rage dogaro da gazuwal.

Ko da eriya ta tsaya, wuta ta samu, da sauran rina a kaba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan intanet mai sauri ya sa ma'auni cewa kuɗin haɗi na wata bai kamata ya wuce kashi 2 cikin 100 na matsakaicin abin da mutum ke samu ba. Ga magidancin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, bayan ya sayar da gero ko wake ko aya, wannan ma'auni na nesa ne. Salular kanta ta fi forfe nauyi, domin mafi arha a cikin masu buɗe intanet tana cin jikkuna masu yawa. A nan manufar haraji ke karo da manufar sadarwa: baitulmali na ganin kamfanonin salula a matsayin saniyar tatsa, alhali duk harajin da aka ɗora kan kira ko kan shigo da salula, mai saye ne ke biyansa a ƙarshe. Ga kuma karatu. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai rabi ba, mata sun fi ƙaranci, kuma abin da ke intanet yawanci da Faransanci ko Ingilishi yake. Saƙon murya na WhatsApp ne ya buɗe wa jama'a ƙofa, tun da ba ya buƙatar boko. A gidaje da yawa salula ɗaya ce, a aljihun maigida take, ita ke bin sa gona da kasuwa.

Amfanin haɗin ba hasashe ba ne, an auna shi a Nijar ɗin kanta. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga ƙasar, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda rezo ya isa, domin ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. Wancan kira ne kawai. Da intanet, mai zogale ko tumatir a kwarin gulbi na iya ɗaukar hoton ganyen da tsutsa ta ci ya aika wa cibiyar kiran manoma ta RECA, a ba shi amsa da Hausa. Kuɗin 'yan ci-rani na isowa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, waɗanda rassansu ba sa aiki sai da haɗi.

Tauraron ɗan'adam ya shigo da sabon lissafi. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da kamfanin Starlink ya fara aiki, a watan Janairu 2023, kuma na'urorinsa sun riƙa ƙetaro iyaka tun kafin Nijar ta halatta shi. Hukumomin Yamai sun rattaba hannu da kamfanin a watan Oktoba 2024, hidimar ta fara a hukumance a watan Maris 2025. Taurarinsa na shawagi a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, saboda haka ba ya buƙatar fiba ko eriya a kusa. Kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin magidanci ɗaya, shi ya sa amfaninsa a karkara ya fi fitowa ta hanyar tarayya: wani ya saya ya kafa wifi yana sayar da awa-awa, ko a kafa wa makaranta da asibiti. Abin da ke damun masu tsara manufa shi ne kuɗin na fita waje, kuma makunnin yana hannun kamfanin wata ƙasa.

Tsaro shi ne ɓangaren da ya fi shafar gundumar Madarunfa kai tsaye. Ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi da bakin iyaka sun daɗe suna fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma inda ma'aikaci ke tsoron zuwa, eriyar da ta lalace kan daɗe ba a gyara ba. Rezo kuma ba ya tsayawa a kan iyaka. Mutanen yankin da yawa na riƙe da layin Nijar da na Najeriya a salula ɗaya, suna amfani da wanda ya fi kamawa ko ya fi arha gwargwadon canjin naira da sefa. A watan Satumba 2021, da Najeriya ta rufe sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, ciki har da Jibiya, don daƙile 'yan bindiga, mazauna bakin iyaka sun koma neman layukan Nijar. Ita ma Nijar ta taɓa rufe intanet na salula har kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2021. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an sake tsaurara ta a watan Yuni 2024, aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta intanet.