Jirgin Ƙasa A Idon Masu Zane Uku

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, mai zanen da yake neman suna a ƙasashen Turai ba ya wuce sarakuna da yaƙe-yaƙe da labaran mutanen da. Tashar jirgi da hayaƙin gawayi kuwa, ana ganin ba su kai a ɓata musu fenti ba. To amma da jirgin ƙasa ya zo ya sake zaman mutane, sai ya zame wa masu zane tilas su dube shi, kuma yadda uku daga cikinsu suka dube shi ya sha bamban ƙwarai.

Na farkonsu shi ne Turner, Baturen Ingila, wanda ya nuna zanensa na ruwan sama da tururi da gudu a birnin Landan cikin 1844, yana dattijo mai shekara 69. A cikin zanen, jirgi ne ya taso a guje bisa gadar Maidenhead wadda injiniya Brunel ya gina a kan kogin Thames. Ruwa da hazo sun cakuɗe, ba abin da ya fito sosai sai baƙin bututun hayaƙi. Wanda ya ƙura ido zai ga ɗan zomo yana sheƙa gudu a gaban jirgin, can gefe kuma ga manomi da garmarsa. Watau Turner ya ɗauki zamani kamar hadari ne da ya taso wa karkara, da ban sha'awa, da ban tsoro.

Monet na Faransa bai ji wannan tsoro ba. Cikin 1877 ya nemi izni ya shiga tashar Saint-Lazare ta birnin Paris, ya yi mata zane har goma sha biyu. Abin da ya dame shi kawai shi ne yadda hasken rana yake ratsa rufin gilashi ya faɗa kan tururi, ya mai da shi shuɗi-shuɗi. Fasinjoji da ma'aikata ɗigo-ɗigon fenti ne kurum.

A ganina, wanda ya fi su kai wa ga zuciyar al'amarin shi ne Manet, shi da bai zana jirgin ba sam. Zanensa na 1873, wanda ya raɗa wa suna Hanyar Jirgi, mace ce zaune a jikin shingen ƙarfe, littafi buɗe a hannunta, ɗan kwikwiyo yana barci a cinyarta, ta ɗago kai tana kallon mai kallo kamar an katse mata karatu. Kusa da ita ga yarinya cikin farar riga, ta juya mana baya, ta kama shinge tana leƙen farin tururin da ya rufe kome. Uwa da 'ya ne? Mai reno ce? Manet bai faɗa ba. Suna dab da juna, amma kowacce da inda hankalinta ya tafi.

Nan fa zancen yake. Tsakanin 1853 da 1870 Haussmann ya rushe tsoffin lungunan Paris ya shimfiɗa manyan tituna, baƙi suka cika gari, mutum ya koyi zama kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba, ba ko sallama. Wannan sabon zama shi Manet ya kama, kuma duk wanda ya taɓa shiga motar haya a babban birni ya san shi. Shi ya sa da aka baje zanen a babban nunin Paris cikin 1874, masu sharhi suka yi masa ba'a, suna neman labari da jirgi, ba su sami ko ɗaya ba.

Yau zanen Turner yana Landan, na Manet kuwa yana birnin Washington na Amurka. A kusurwarsa ta dama, bisa dakalin da yarinyar take tsaye kusa da shi, akwai nonon inabi a ajiye, wanda har yanzu masana suke gardama a kan abin da ya kawo shi wurin.